Wace Mota Ce Za Ta Kai Kaya Fadamar Katagum?

Duk wanda ya tsaya a bakin babban titin da ya ratsa Azare, watau wanda ya taso daga Kano ya nufi Potiskum da Maiduguri, ya bi motocin da ke wucewa da kallo ta baya, zai lura da wani ɗan ƙarfe mai kai kamar ƙwallo da ya leƙo daga ƙarƙashin bambar waɗansunsu. Ana ganinsa a bayan Golf, da Sharan wadda direbobi suke kira Sharon, da tsofaffin Opel da Peugeot 406. Galibi ya yi tsatsa don rashin aiki. Abin da ya rage masa na amfani shi ne yaron mota ya taka shi ya hau ɗaurin kaya, ko kuwa a zarga masa igiya ranar da wata motar ta mutu a hanya.

Wannan ƙwallo, wanda kaurinsa milimita 50 ne, daga Turai ya zo tare da motar. A Jamus da Holan da Beljiyam, inda aka yi wa motocin nan hawan fari kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Ikko, idan lokacin hutu ya yi mutum yakan maƙala wa motarsa ta zuwa ofis wani ɗan ɗaki mai ƙafa biyu, da gado da murhu a ciki, ya kwashi iyalinsa su tafi bakin teku ko gindin dutse su yi kwanaki. Saboda haka a can, tun kafin mutum ya sayi mota yakan tambayi nauyin da za ta iya ja, kamar yadda mai sayen sa a kara yake duba kafaɗarsa da ƙafafunsa.

A ƙasar Katagum ba a san wannan irin yawon shan iska ba, amma kwana a daji da kaya niƙi-niƙi ba baƙon abu ba ne. Bafulatani ya daɗe yana ɗora gidansa kacokan a bayan takarkari ya bi ciyawa. Masunta sukan kafa bukka a bakin kogi su yi makonni. Masu noman rani kuwa, da zarar ruwa ya janye daga fadama, sai su tare a bakin garakensu har a cire albasa da tattasai. A cikin waɗannan na ƙarshe akwai wani irin mutum da maganar mota ta fi shafa, shi ne ma'aikaci mazaunin Azare wanda yake da gona a fadamun arewa. Azare gari ne na ma'aikata. Ga babban asibitin tarayya, ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, ga jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya da aka kafa a 2021, ban da ofisoshin ƙaramar hukuma da makarantu. Albashi kuwa kowa ya san inda yake tsayawa a cikin wata, shi ya sa wanda ya gaji fili a bakin kogi ba ya barinsa haka nan.

Irin wannan mutum mota guda gare shi, wadda ya yi shekaru yana zubin adashi ko biyan bashin ƙungiyar ma'aikata kafin ta zama tasa. Daga Litinin zuwa Jumma'a ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta zuwa aiki, ita ce ta kai uwargida unguwa. Ran Jumma'a bayan an sauko daga masallaci kuma yana so ta ja masa 'yar tirela, irin wadda masu walda suke haɗawa, da injin ban ruwa da tiyo da taki da tanti da tukwane a ciki, ya je ya kwana biyu a gona. Idan ya yi kuskuren zaɓe, asara biyu ce take jiransa a rana guda, domin motar da ta ƙone kuloci a cikin rairayi ran Asabar ba za ta kai shi ofis ran Litinin ba, shukar da take jiran ruwa kuma ba ta san uzuri ba.

Kafin a yi maganar inji da giya ya kamata mai karatu ya san hanyar, don kuwa ita ce alƙali. Daga Azare zuwa tsohon birnin Katagum tafiyar mil arba'in da 'yan kai ce, wajen kilomita 70, ana fuskantar arewa. Ba a daɗe da barin gari ba za a tarar da Gadau, inda jami'ar jiha take, wadda yanzu take ɗauke da sunan Malam Sa'adu Zungur. Daga nan ƙasa sai ta shimfiɗe sosai, babu tudu babu dutse, sai gonakin gero da wake da riɗi, da kuka da gawo jefi-jefi, da goruba idan an kusanci ruwa. Mai kallo ta taga zai ce ai wannan ƙasa ko keke ma ya ja kaya a cikinta. Muddin taya tana kan kwalta, gaskiyarsa ne.

Birnin da ake nufa ɗin nan shi ne tushen sarautar. Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa shi wajen 1814 a gefen kogin Jama'are. Bayan shekara goma, a watan Janairu na 1824, Turawan nan biyu, Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suka iso shi daga Kukawa tare da ayarin fatake, zamanin Sarki Ɗankauwa, suka tarar da birni mai ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ana ciniki da wuri. Kayansu duka a kan raƙuma suke. Oudney, wanda ciwon ƙirji ya riga ya cinye, a Murmur kusa da nan ya mutu ran 12 ga watan, da sassafe, an gama yi wa raƙuma laftu ke nan ana shirin ɗora shi. A farkon zamanin Turawa, lokacin Sarki Abdulkadir, aka ɗauke fadar aka mayar da ita Azare, tsohon birnin kuma a yau shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar Zaki. Sarauta ta bi tudu da babbar hanya, amma ruwa da ƙasa mai albarka suna nan inda aka bar su, shi ya sa har gobe mutanen Azare suke komawa arewa neman abinci.

Kogin nan daga tsaunukan Jos yake tasowa, a can sama ana ce masa Bunga. Yakan bi ta Jama'are ya wuce Katagum, ya haɗu da kogin Haɗeja su zama Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Ruwan Haɗeja an tare shi a Tiga tun 1974, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992. Na Jama'are kuwa babu wani babban dam da ya riƙe shi, domin na Kafin Zaki da aka soma tun zamanin Shagari ba a gama ba. Saboda haka kowace damina yakan cika ya malala yadda ya ga dama, ya bar laka sabuwa a fadama. Abin da ya sa albasa take kyau ke nan, shi ne kuma ya sa hanyar zuwa wurinta take da wuya.

Gona ba ta bakin titi. Akwai inda tilas a sauka daga kwalta a kama hanyar amalanke, mil biyu ko biyar ko fiye, kuma a wannan ɗan taƙin ne ake sanin mota. Da fari jigawa ce, rairayi mai laushi wanda taya take nutsewa a ciki. Tayoyin amalanke sun riga sun haƙa kwari biyu sun bar tudu a tsakiya, mota mai ƙasa-ƙasa kuwa sai cikinta ya hau tudun nan ta zauna daram, tayoyi suna juyawa a banza, in ma an yi rashin sa'a kututture ya fasa kaskon baƙin mai. Bayan jigawa sai ƙasar fadama. Da rani takan bushe ta tsattsage ta yi tauri kamar daɓe, amma duk inda ruwan garka ya ɓalle ya kwanta sai ta koma danƙo mai kama taya kamar hannu. Wanda ya zaɓi motarsa don ya ga yadda take sheƙa gudu tsakanin Azare da Jama'are, a nan zai gane cewa wani jarrabawar ya yi wa karatu.

Dattawan direbobi idan aka kawo wannan zance sai su tuna da Peugeot, wadda kowa ya sani da Fijo. Tun daga 1975 da aka fara harhaɗa ta a Kakuri ta Kaduna, 404 da 504 suka cika hanyoyin Arewa, aka kuma ci gaba da yin 504 har cikin shekarun 2000. Ƙaunar da ake yi mata ba tsufa kaɗai ya kawo ta ba. Injinta yana gaba amma tayoyin baya ne suke tura ta, tana da tsayi daga ƙasa, sifirin ɗinta kuma yana haɗiye gargada. Idan aka ɗora mata nauyi a baya, ko aka rataya mata abin ja, nauyin yakan danne tayoyin da suke yin aikin, su ƙara kama ƙasa. Akori-kurarta da doguwar nan ta fasinja sun shiga ƙauyukan da ko burji bai kai ba. A zamanin nan ne kuma kamfanin Steyr ya fara harhaɗa tarakta a Bauci, ita ce kuwa ainihin abin da aka yi domin jan tirela a gona, sai dai ba a kai yara makaranta da tarakta.

Motocin da suka gaje ta a hannun talaka da ma'aikaci, irin su Golf da Corolla da Civic da Sharan da Sienna, kusan dukansu tayoyin gaba ne suke jan su. A kan kwalta wannan tsari yana da kyau, ga sauƙin mai. Amma da zarar an danne bayan motar da bakin tirela, sai gabanta ya ɗan ɗaga, tayoyin da suke ja da juya sitiyari su rage kama ƙasa. A cikin rairayi abin da zai biyo baya sananne ne. Taya ta fara tono, direba ya ƙara taka totur, ta ƙara nutsewa, warin kuloci ya tashi. Mota mai giya da kanta kuwa ba ta wari, a ɓoye take cutuwa, man giyarta ya yi zafi ya ƙone, sai bayan mako biyu ta fara fizga a tsakiyar gari, mai ita yana mamakin abin da ya same ta. Gyaran irin wannan giya ba na kowane bakanike ba ne, kuɗinsa kuma yakan cinye ribar noman shekara.

Akwai wani ruɗi da ya kamata a faɗa a nan. Motocin nan masu tsayi da ake kira jif, kamar RAV4 da CR-V da Highlander, ba dukansu ne suke ja da ƙafa huɗu ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka tayoyin gaba kaɗai suke aiki, siffar ce kawai ta shiga daji. Gane su ba wuya. Mai saye ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, in ya ga farfela ta miƙe daga wajen giya zuwa tayoyin baya, to mai ƙafa huɗu ce, in bai gani ba kada dillali ya cika shi da zance. Ko mai ƙafa biyun ma tana da abin yabo guda, watau tsayinta daga ƙasa, wanda a hanyar amalanke ya fi ƙarfin inji amfani.

Sa'an nan sai lissafin nauyi, wanda mutane suka fi ƙi, alhali shi ne mafi sauƙi. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, saboda haka duro mai lita 200 ya riga ya ba da kilo 200 tun ba a sa nauyin ƙarfensa ba. Buhun taki kilo 50 ne, huɗu sun ba da wani 200. Jarka biyu ta fetur ta kusa kilo 40. Injin ban ruwa mai inci uku bai wuce kilo 30 ba, amma ga tiyo, ga tanti ko tamfol, ga tabarmi, ga garin tuwo da tukwane, ga shebur da fartanya. Ita kanta tirelar, da yake masu walda ba sa rowar ƙarfe, ba abin mamaki ba ne ta kai kilo 200 babu komai a cikinta. Kafin a ankara an haye kilo 700. A Ingila doka ta ce tirelar da ba ta da birki na kanta kada ta wuce kilo 750 ita da kayanta, kuma kada ta wuce rabin nauyin motar da take jan ta. Tsohuwar Golf ba ta fi kilo dubu da ɗari ba, watau rabonta bai wuce ɗari biyar da 'yan kai ba. Sharan ta fi tan ɗaya da rabi, Hilux kuwa tana wajen tan biyu, su ne wannan kaya bai fi ƙarfinsu ba.

Dokar Ingila ba ta hau kan mutumin Azare ba, amma dalilin da ya sa aka yi ta ya hau kansa. Tirelar da ake haɗawa a gari ba ta da birki, duk nauyinta birkin motar ne zai tsayar da shi. Idan garken shanu ya keto titi, ko mai babur ya karyo kwana ba sigina, direba ya taka birki, kayan da suke bayansa ba su san an tsaya ba, sai su ci gaba da tura shi. Mota mai nauyi takan jure wannan turi, marar nauyi kuwa sai bayanta ya murɗe. Motocin da aka yi don kasuwar Turai ma sun zo da amsar a jikinsu. Akwai wani ɗan allo a gindin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet mai jerin nauyi huɗu. Na farko iyakar nauyin motar da lodinta, na biyu iyakar nauyinta tare da abin da take ja, sauran biyun na aksul ɗin gaba da na baya. A ɗebe na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne ƙarshen abin da masu motar suka yarda ta ja, shi ma sai tirela mai birki. Allon nan yana nan a jikin dubban motoci a tashar Azare, ƙura ta rufe shi.

Yadda aka jera kayan ma wani abu ne. Masu nauyi a kan aksul ya kamata su zauna, a ɗan matso da su gaba kaɗan, yadda bakin tirelar zai danna ƙwallon da nauyin da ƙaƙƙarfan mutum zai iya ɗagawa da ƙyar, kamar buhun taki guda ko ɗaya da rabi. Idan aka tara nauyin a can baya, bakin ya zama sakayau, to da an ɗan yi gudu sai ta fara kaɗa wutsiya dama da hagu. A titin Kano zuwa Maiduguri, wanda aka ba da kwangilar raba shi biyu tun 2006, tankoki da manyan motoci suna wucewa da iska mai ƙarfi, ita kaɗai ta isa ta tayar da wannan rawa. Wanda abin ya same shi kada ya danna birki da ƙarfi, kada kuma ya yi kokawa da sitiyari. Ya ɗauke ƙafa daga totur, ya riƙe hannu a miƙe, ya bari gudun ya mutu da kansa. A Jamus, ƙasar da ta yi suna da gudun mota, mai jan tirela a ƙa'ida ba ya wuce kilomita 80 a awa, alhali titinsu ba rami ba akuya.

Wurin da ake rataya ta kuma shi ne abin da ya fi ba da tsoro. Motar da ta zo da ƙwallonta daga Turai ta huta, domin an ɗaure shi da kusoshi a wuraren da aka ƙarfafa musamman. Wadda ba ta da shi sai a kai ta wurin mai walda, shi kuwa in bai san aikin ba sai ya liƙa ƙugiya a jikin bamba ko a ƙasan but. Hilux da ire-irenta suna da shasi, dogayen ƙarafa biyu da bodi yake zaune a kai, akwai inda za a kama. Ƙananan motoci ba su da shi, bodin ne gaba ɗaya yake riƙe kansa, kuma ƙarfen wajen but bai fi na kwanon rufi kauri da yawa ba. Walda a irin wannan wuri takan riƙe wata ɗaya ko biyu, gargada tana cin ta a hankali, ranar da za ta saki kuwa ba ta sallama. Shi ya sa sarƙa ta biyu, wadda za ta riƙe tirelar in ƙugiya ta ɓalle, ba ado ba ce. Haka nan fitila. Yawancin 'yan tirelolin nan ba su da ko jan gilashi mai ƙyalli a baya, sun kuma rufe fitilun motar da take jan su. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, in sun tsayar da irin wannan ba su yi zalunci ba.

Ga kuma zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da aikin fadama yake kan ganiyarsa, zafin rana a wannan yanki yakan haye digiri 40. Mota tana tafiya a giya ta ɗaya cikin rairayi, inji yana kuka, iska ba ta shiga lagireto saboda rashin gudu, ga kilo ɗari bakwai a baya. Lagireton da ya toshe da laka, ko fankar da take aiki yau ta ƙi gobe, a cikin gari ba za su nuna kansu ba, a nan suke tona asiri. Wanda zai yi wannan tafiya ya fi masa alheri ya kashe kuɗinsa a kan wanke lagireto da sabon fanbel da tayoyi masu rai, da ya kashe a kan fenti. Direbobin da suka san yashi kuma sukan rage iskar taya kafin su shiga, ta baje ta hau kansa maimakon ta yanka shi, amma sai an tanadi famfo, don kuwa mai faci ba ya bin mutum fadama, taya marar iska a kan kwalta mai zafi kuma fashewa take yi.

Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare, a sayi Hilux mai ƙafa huɗu a huta. Lalle ita ce sarauniyar wannan hanya, tana da shasi, tana da ƙaramar giya ta musamman ta fita daga taɓo, kayan gyaranta kuma ba su ɓuya a Azare ko Potiskum. Amma kuɗinta ya fi ƙarfin malamin makaranta nesa ba kusa ba, sa'an nan ko kyauta aka ba shi sai ya ciyar da ita kwana bakwai don aikin kwana biyu. Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Babbar mota tana shan mai ko ba ta jan komai, ko cefane aka je da ita. Wannan shi ne kullin maganar, motar da ta dace da fadama tana cutar aljihu a gari, wadda ta dace da gari kuma tana mutuwa a fadama.

Abin da ya fi kama da hankali ga mai mota guda shi ne ya nemi matsakaiciya, mai ɗan nauyi da tsayi daga ƙasa, mai giyar hannu in ya samu, wadda bakaniken unguwarsu ya san cikinta, sa'an nan ya rage wa tirelar kaya maimakon ya ƙara wa motar girma. Duron ruwan nan, misali, shi ne na farkon sauka. A fadama ruwa ba shi da nisa, rijiyar burtsatse ta ban ruwa tana nan, jarka biyu ta ruwan sha ta isa kwana biyu. Taki kuma ba dole ne ya tafi rana guda ba. Masu hali ma sun fara kafa faifan sola a gona, wanda ya rage jigilar fetur gaba ɗaya. Da an yi haka sai lodin ya dawo wajen kilo 400, abin da mota mai tan guda da 'yan kai za ta ja ba tare da ta tsufa kafin lokacinta ba.

Sauran 'yan milan nan na rairayi kuwa, mutanen ƙauyukan Zaki da Gamawa sun daɗe da warware matsalarsu. Amalanken shanu ba ya gudu, da ƙyar yake cin mil biyu zuwa uku a awa, amma bijimai biyu sukan fitar da rabin tan daga yashin da ya kayar da Golf, ba lagireto ba kuloci, abincinsu kuma harawa da dusa. Da damina su yi huɗa, da kaka su kwaso amfanin gona, da rani su kai taki, in sun yi ƙiba a kai su kara a sayar da riba, abin da ba a taɓa jin mota ta yi ba. Wanda ya duba ƙarƙashin amalanken nan da kyau zai ga abin dariya. Aksul ɗinsa da tayoyinsa sau da yawa na matacciyar mota ne, ba mamaki ma na 504 ɗin da dattawa suke kewa. Ashe har yanzu tana zuwa fadama, sai dai yanzu ita ake ja. Ma'aikacin da ya ajiye girman kai ya bar motarsa a inuwar wani gida a bakin titi, ya yi jinga da mai amalanke, kuɗin da zai biya a shekara bai kai na kuloci guda ba.

Da damina kuwa duk wannan muhawara takan tsaya. A 2022 ambaliya ta mamaye garuruwa da gonaki a Zaki da Gamawa, ta datse hanyoyi, aka koma kwale-kwale. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke shi kansa babban titin Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum, manyan motoci suka yi cirko-cirko. Idan kwalbati ya tafi, mai Hilux da mai Golf duk a gaɓa guda suke tsayawa suna jiran mai fito.

Gwajin ƙarshe yakan zo ne ranar ɗibar amfani. Tirelar da aka yi don tanti da injin ban ruwa tana tsaye, ga buhunan albasa jibge, kowanne ya yi nauyin buhun taki biyu ko fiye, kuɗin hayar akori-kura kuma ya tashi. Zuciya takan ce a ɗora goma a gwada, ai hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Buhu goma tan guda ke nan, ya yi nauyin motar kanta, a kan tirela marar birki, da sifirin da aka tsinto a wurin 'yan gwangwan. Waɗanda suka daɗe a harkar sukan bar albasa ta bi motar haya zuwa kasuwa. Su kuwa ran Lahadi bayan La'asar amalanke ya fito musu da tanti da inji bakin titi, su maƙala tirela, su zarga sarƙa, su ƙara wa tayoyi iska, su kama hanyar Gadau da wuri don su shiga Azare kafin a kira Magariba.